Gwangwanin Surukina

Shekarar da jan-baki ya cinye shinkafar innata a fadamar Gulma, ni na ce mata kada ta ɗaura igiya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji abin da zan faɗa a kan surukina ya ɗauka ni wankakke ne.

A lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk suna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Inna tana da gona guda a fadama, wadda babana ya mutu ya bar mata. Ba wata babba ba ce, amma ita ke cika mata rumbu, kuma saboda rumbun nan ne ta ƙi ta dawo gidana a birni duk roƙon da na yi. Cewa take muddin tana ɗibar shinkafa daga nata rumbun, ba za ta zauna tana jiran matar ɗa ta auna mata ba. Kowace shekara, da shinkafa ta fara ɗaukar nono, sai ta kafa sanduna kewaye da gonar, ta ja igiya, ta rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ta hau gadon kara tun asuba tana ja tana kora har rana ta faɗi. Jan-baki ɗan tsuntsu ne da za ka rufe a tafin hannu, sai dai ba ya zuwa shi kaɗai. In garkensa ya sauka a gonar da ba mai tsaro, kwana biyu sun ishe shi.

Da na je gaishe ta a farkon kakar nan, na tarar tana shafa man zafi a gwiwa.

Ta ce, "Ƙahwahun ga bana ba su barina hawan gado. Amma dole in ja igiya, tsuntsu ya hwara zagaye."

Na ce, "Inna, kak ki wahal da kanki. Jirgi na tahe. Ni ka gyaranai da hannuna."

Na faɗa da ƙarfi ne don matan da ke sussuka a tsakar gida su ji, kuma sun ji. Inna ta mai da igiyarta cikin ɗaki.

Jirgin na wani ɗan kamfani ne daga Kano da aka ba aikin feshin tsuntsu a kwarin Rima. Inji ɗaya, kujera ɗaya, da tankin magani a cikinsa. Yakan tashi dab da magariba, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwancinsu a cikin kyauro, ya feshe su a can. Muna ajiye shi a wata rumfar kwano a filin saukar jirgi na bayan gari, kuma mu biyu ke kula da lafiyarsa, ni da surukina.

Surukina ya yi shekara da shekaru yana gyaran manyan jiragen fasinja a Kano kafin ya yi ritaya ya dawo gida, ya gina gidansa a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. A zaurensa akwai hotonsa tsaye ƙarƙashin fiffiken wani ƙaton jirgi, ya riƙe ƙugu, ka ce shi ya ƙera shi. Duk unguwa Injiniya ake ce masa. In ana hira a bakin masallaci aka ji ƙarar jirgi can sama, sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kunne, ya sanar da jama'a cewa injin hagu na wannan yana bukatar dubawa. Mutane su jinjina kai. Ba wanda ke da hanyar ƙaryata shi, jirgin ya riga ya wuce Nijar.

Ban ce bai iya aiki ba. Ya iya, a zamaninsa. Shi ya ɗauke ni ina gyaran injin ban-ruwa a Argungu, ya koya mini riƙon sifana yadda ya kamata, ya tsaya mini na je kwas a Zariya na samo lasisi. Da na dawo na nemi 'yarsa, ya ba ni ba tare da ja-in-ja ba. Daga ranar da aka ɗaura auren nan ban ƙara kallon tsakiyar idonsa ba. Ban ƙara cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi, takalmina a waje, ni a tsugune. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma har alfahari nake da yadda na iya.

To, dokar aikin jirgi ita ce, duk abin da aka taɓa a hanyar mai, mutum biyu ke sa hannu a katin aiki. Ɗaya ya ɗaura, na biyu ya zo da nasa idon ya bincika, in ya ga kuskure ya ce a kwance. Manyan kamfanin a Kano suka duba takardunsu suka ga masu lasisi biyu a Birnin Kebbi, suka ce madalla, doka ta cika. Duk iliminsu ba wanda ya tambaya ko ɗayan yana auren 'yar ɗayan. Suka sa mutumin da ba ya iya shan ruwa a gaban tsoho ya zama mai kama kuskuren tsoho.

Ranar wata Litinin muka ga mai yana ɗiga a gindin filtar da ke tace man jirgin. Da aka kwance, sai ga zoben robar da ke toshe bakin ya tsage. Abu ne ɗan mitsitsi, kamar awarwaron jariri. Amma na jirgi ba a sayo shi a kasuwa. Yana zuwa ne a cikin ambulan a liƙe, da lambarsa a jiki, saboda robar da ke jure man jirgi daban take da wadda ke jure ruwa ko man birki, ko da girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Ba mu da shi a ajiye. Na aika Kano, aka ce sai Laraba.

Surukina ya ce in miƙo masa gwangwaninsa.

Wannan gwangwani kowa a filin ya san shi. Babban gwangwanin madarar gari ne da fentinsa ya goge, cike da notuna da kusoshi da zobban roba da ya tsinta tsawon rayuwarsa ta aiki. Wasu daga jiragen fasinja, wasu daga motarsa, wasu ni na san daga injin ban-ruwa suka fito, don a shagona na dā ya tsince su. Ba lamba, ba takarda. Ya zazzage shi a kan tebur, ya baza da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a wake, ya zaɓo zobe ɗaya. Ya je bakin rumfa inda haske yake, ya ɗaga tsohon da sabon ya haɗa su.

Ya ce, "Zaka nan ka gani. Wanga da wanga, mi ab bambancinsu?"

Na matso, idona a ƙasa, na ɗan saci kallo. Girma ɗaya ne, ba shakka. Amma na san abin da littafi ya ce, na kuma san ya sani, don shi ya fara koya mini. Maganar tana bakina, kalma biyar ce ko shida: Baba, wannan ba shi da lamba. Na yi gyaran murya.

Na ce, "Baba, an ce saƙon Kano na isowa jibi."

Ya ce, "Tsuntsu shina jiran Kano? Shekara nawa niy yi ina wanga aiki kahin ka san sifana? Idona ya hi takarda."

Iyakar jarumtakata ke nan. Na yi magana a kaikaice, irin wadda ake yi wa manya, ya take ta, na ce a raina ai na fita haƙƙi. Kuma kada in ɓoye, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji daɗi. Jirgi zai tashi gobe, layi ya zo kan Gulma da wuri, Inna ta ga ɗanta bai yi ƙarya ba.

Ya ɗaura da kansa, ya ɗaure, ya sa hannu da wannan dogon sa-hannun nasa mai wutsiya. Sannan ya ja kujerarsa ya zauna ƙarƙashin fiffike, ya fito da carbi, ya ce in duba. Dubawa ta gaskiya tana nufin in kwance abin da ya ɗaura, a gabansa, in ciro zoben in tambaye shi daga ina ya fito. Na ɗauki tocila na haska bayan filtar. Na shafa da yatsa, a bushe. Na daɗe a tsaye a wurin ina haska ƙarfe, don dai a ga ina aiki. Aka ta da injin a ƙasa, bai ɗiga ba, don roba ba ta narkewa a awa ɗaya. Na sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Matuƙin jirgin wani mutumin Jos ne, mai shiru, ba ya shiga harkar kowa. Yana da al'ada guda. Kafin ya hau, ba ya tambayar surukina komai, ni yake zuwa ya samu, tunda hannuna ne na ƙarshe a kati.

Ya ce, "Ka duba da kanka?"

Na ce, "Na duba."

Ya gyaɗa kai ya hau.

Talata da Laraba jirgi ya tashi lafiya ya dawo lafiya. An fara da makwancin da ke kusa da Birnin Kebbi, inda gonakin manya suke, kamar yadda ake farawa kowace shekara ba tare da kowa ya ga abin magana ba. Gulma sai Alhamis. Duk saukar da jirgin ya yi, surukina sai ya dube ni ta gefen ido ya yi wani ɗan murmushi, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ni na yi laifin shakka.

Ranar Laraba da hantsi direban kamfani ya kawo ambulan daga Kano. Zobe na gaskiya, da lambarsa. Aikin canzawa bai fi na shan shayi ba. Na riƙe shi a aljihu har azahar ina jiran tsoho ya tashi ya je wani wuri, in canza a ɓoye. Wato ni mai lasisi, mai binciken aikin jirgi, na koma ina fakon surukina kamar ɓarawon kaza. Bai tashi ba. Salla ma a nan gindin fiffike ya shimfiɗa buzunsa. Da na ga rana na tafiya, sai na je na tsuguna na miƙa masa da hannu biyu.

Na ce, "Baba, saƙon ya iso."

Ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "Sai yanzu? To, shi yi amhwani gaba."

Ya yage ambulan ɗin, ya jefar da takardar mai lamba, ya buɗe gwangwani ya jefa zoben ciki, ya girgiza don ya zauna daidai. Ina tsugune ina kallo ya ɓace cikin 'yan uwansa. Na ce, "To, Baba."

Ranar Alhamis jirgi ya tashi bayan la'asar ya nufi Argungu. Abin da ya faru a can daga bakin Inna na ji shi daga baya. Ta fito bakin gari da matan unguwarsu, har da biyu da suka bi shawararta suka bar gonakinsu ba igiya, tana nuna musu sama tana cewa ga na ɗanta nan. Ya taho ƙasa-ƙasa ta kan fadama. Ta ce sai ta ji ya yi tari sau biyu, sannan ya yi shiru. Ta ce ba ta taɓa sanin jirgi na iya tafiya ba ƙara ba, har ta ɗauka wata gwaninta ce.

Matuƙin ya yi abin da ya iya. Ya kauce wa gari, ya kauce wa masu kamun kifi, ya sa shi cikin laka nesa da makwancin tsuntsayen. Jirgin ya kafa hanci ya kifa. Masunta ne suka zaro shi suka sa a kwalekwale zuwa Argungu, ƙugunsa a karye. Ya rayu, amma bai ƙara tuƙi ba. Na je duba shi a asibiti sau ɗaya. Bai zage ni ba, bai ma yi mini maganar ba, ya dai dube ni yadda yakan dube ni kafin ya hau. Ban koma ba.

Ranar Asabar wani mai bincike ya zo daga Kano. Aka ciro filtar daga jikin jirgin, aka kawo ta rumfa, aka kwance ta a gabanmu. Zoben ya kumbura ya yi laushi kamar danƙon da aka tauna, gutsattsarinsa sun toshe hanyar mai. Mutumin ya ɗora shi a kan farar takarda, ya ajiye katin aiki kusa da shi, ya tambaya wa ya kawo wannan robar.

Surukina yana zaune cikin farar rigar aikinsa mai guga, yana jan carbi, yana kallon bango. Gwangwanin ba ya kan tebur, tun Juma'a ya koma gida. Na jira. Na ba shi lokacin da mutum zai iya buɗe baki ya ce ni ne. Carbi kawai ke tafiya.

Na ce, "Ni na ɗauko ta. Na ce masa daga Kano ta zo."

Mai binciken ya dube ni, ya dubi tsoho, ya rubuta. Ina jin ya gane, amma an ba shi amsa mai sauƙin rubutawa, kuma yana son ya kama hanya kafin rana ta yi. Aka karɓe lasisina. Surukina aka rubuta masa takardar jan kunne mai laushi, cewa ya riƙa sa ido a kan na ƙasa da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da ya biyo baya. Magana ba ta ɓuya a Nasarawa, kowa ya san zoben daga gwangwanin tsoho ya fito. Dattawa suka riƙa tare ni a hanya suna riƙe hannuna, wai ɗan halak, wai ya rufa wa surukinsa asiri, wai irinsa sun yi ƙaranci. Wani har ya ce zai so 'ya'yansa su yi koyi da ni. Mutum na kwance a Argungu ba ya iya juyawa, su kuwa abin da suka gani a labarin shi ne ladabi. Ba wanda ya ce da ladabin nan ya ragu kaɗan ranar Litinin, da ba a kai ga Alhamis ba. Ni ma ban ce ba. Ina karɓar yabon ina cewa ba komai.

Sai Lahadi, washegarin binciken, na samu na isa Gulma. Na tarar Inna a gona, ta ja igiyar da kanta da waɗannan gwiwoyin, rabi a tsaye rabi a ƙasa, tana kaɗa gwangwanaye. Ba abin da ya rage da za a kori tsuntsu dominsa. Kawunan shinkafar suna tsaye fari fat, ba nauyi, iska na kaɗa su. Maƙwabtan da ba su saurari kowa ba suka ja igiyarsu tun farko sun tsira da wani abu. Matan nan biyu da suka bi maganarta sun daina gaishe ta. Wani jirgin ya zo daga baya, ya yi ta shawagi yana feshi a kan kara.

Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni kuma ban gaya mata ba. Ta ji an ce kuskuren ɗanta ne, ta ce ƙaddara ce, ta rufe maganar. Ta bi gonar kai-da-kai tana tsintar abin da tsuntsu ya manta. Da ta sussuke ta sheƙe ta surfe, duka-duka ya tsaya a ƙwarya ɗaya, ita ma ba ta cika ba.

Bayan kaka na je na ɗauko ta, don ba abin da za ta ci a can. Ba ta yi gardama ba wannan karon, abin da ya fi gardamar ciwo. Ta rufe rumbun da ba komai a ciki, ta ɗaure tabarmarta da akwatinta, ta rungume ƙwaryar nan a cinya har Birnin Kebbi. Na ɗauka guzurinta ne. Muna isa, ko ruwa ba ta sha ba ta kira ni.

A wajenmu, sabuwar shinkafa ba a fara cinta sai an kai wa surukai nasu. Kowace shekara tun aurena Inna na aika wa gidan surukina, kuma ba ta taɓa aika kaɗan ba.

Ta ce, "Ɗauki ka kai ma surukinka. Kak a ce don mun yi hasara mun mance abin da ya kamata."

Na ce, "Inna, ita ɗai ta gare ki."

Ta ce, "Na sani. Kai mai."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa. Ta san gwangwanin ubanta tun tana yarinya, kuma na tabbata ta san sauran. Ta ɗauko faifai mai kyau ta rufe ƙwaryar.

Na same shi a zaure, ƙarƙashin hotonsa, da baƙi biyu. Na cire takalmi, na tsuguna, na gaishe shi, na tura ƙwaryar gabansa na ce saƙon Inna ne. Ya ɗaga faifan. Ya sa yatsa ya baza shinkafar, yadda ya baza zobban nan a kan tebur.

Ya ce, "Ita ke nan ta bana?"

Na ce, "Ita ke nan, Baba."

Ya girgiza kai, ya juya wajen baƙinsa. Ya ce, "Kun gani? Mutanen ƙauye sun lalace. Da can mutum shi ka tsaron gonatai da kainai. Yanzu kowa ya zamna shina kallon sama, shina jiran jirgi."

Baƙin suka ce haka ne. Ya dube ni yana jiran nawa.

Na ce, "Gaskiya ta, Baba."

Da na koma gida na tarar Inna a zaune kan tabarmarta a ɗakin da muka ware mata, akwatin ko buɗewa ba ta yi ba. Matata ta ajiye mata tuwo a gefe, ba ta taɓa ba. Jira take ta ji yadda aka karɓi saƙonta.

Ta ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ya yi godiya, Inna. Ya sa albarka."

Ta ce, "Madalla. Mutumin kirki na." Sannan ta jawo kwanon tuwon surukarta ta wanke hannu.